Teburin Auta

Shagon Kafinta da katangar sakandaren gwamnati suna kallon juna, lambatu ne kawai da 'yar hanya a tsakaninsu. Ya daɗe a wurin. Da baƙin gashi ya zo, yanzu kuwa in garin katako ya sauka a kansa ba a bambance shi da furfura. Mutum ne mai aiki a hankali, mai magana a hankali. In ka ba shi aikin ƙofa sai ka haɗa masa da haƙuri, amma in ya kafa ta, jikokinka ne za su sake mata makulli. Ba ya son ƙusa. Yakan ce ƙusa ta raggo ce, katako biyu in an sassaƙa su yadda ya kamata, da kansu suke riƙe juna. Fensir ba ya barin bayan kunnensa, ko wanka zai shiga sai matarsa ta tuna masa.

Aiki ɗaya ne bai taɓa karɓa ba. Makarantar nan ba ta da kujeru. Tun da na farko suka kakkarye ba a kawo wasu ba, saboda haka kowane yaro da bencinsa yake zuwa daga gida. Masu yin su suna can ƙarshen layi, wasu samari ne da ke farfasa akwatunan kaya, su buga maka benci kafin shayinka ya huce. In an tashi daga makaranta sai ka ga yara sun kwararo kamar tururuwa, kowa da nasa a ka, wata ƙafar ta fi wata tsawo. Kafinta yakan bi su da ido ya girgiza kai.

"Wannan ba benci ba ne," yakan ce da Tela, maƙwabcin shagonsa. "Itacen girki ne aka yi wa ƙafa."

"Kai dai bar mutane su ci abinci," in ji Tela, kansa na kan keke. "Ba kowa ke sayen abu don jikansa ba."

'Ya'yan Kafinta maza ba su yi nisa a karatu ba. Ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana can wani gari, sai dai a ji muryarsa a waya. Auta ce ta zo daga baya, lokacin da aka riga aka cire rai, 'yar ƙarama, siririya, mai ƙanƙance ido in za ta duba abu mai nisa. Ita ce mai kan boko. Tun tana firamare take zama a bakin shago tana auna guntayen katako da abin awonsa, tana gaya masa nawa zai rage in ya yanka. Wata rana, yara na wucewa da bencinansu a ka, ya dube ta ya dubi katangar, ya ce, "Wannan dai ba za ta shiga bayan katangar nan ba." Tela ya ji. Tela kuwa ba ya mantuwa, amma ya san abin da ba a tuna wa mutum.

Da Auta ta gama firamare, Kafinta ya sa rigarsa mai kyau ya fita nema.

Ya fara da makarantar kuɗi da ke bakin babban titi, inda shi ne ya kafa musu ƙofofi lokacin da aka gina ta. Mai makarantar ta karɓe shi da fara'a, ta ce Baba kaza, Baba kaza, ta zaga da shi azuzuwa. Kowane yaro da kujerarsa, fanka na juyawa a sama. Da suka koma ofis ta faɗi abin da ake biya a zango. Kafinta ya tashi ya je wajen ƙofar, ya buɗe ta, ya rufe, ya sake buɗewa, yana saurare.

"Ƙofar nan tana son ɗan mai," ya ce. "Zan aiko da shi."

Bai aika ba, bai kuma koma ba.

Akwai wata ta gwamnati a ɗaya gefen garin, wadda ake yabo. Sai an hau mota biyu, sannan a tsallaka titin manyan motoci da ƙafa. Ya je. Ya tsaya a bakin titin ya daɗe yana kallon tayoyin da suka fi Auta tsawo. Duk da haka ya tsallaka. Wani ma'aikaci ya tambaye shi unguwarsu, da ya faɗa sai ya ce ai suna da tasu a can, kowa ya kai ɗansa ta unguwarsu, nan ta cika har ta batse. Bai faɗa da wulaƙanci ba. Da ma da wulaƙanci ya faɗa, da Kafinta ya sami abin da zai yi fushi da shi a hanya.

Sai ƙanwarsa da ke aure a wani gari ta aiko cewa a ba ta Auta, akwai makaranta mai kyau kusa da su. Ya kawo maganar gida suna cin abincin rana. Matarsa ba ta ce a'a ba. Ta dai tambaya, kamar mai tambayar farashin gishiri, ko har yanzu gidan Gwaggon mutum goma sha wani abu ne ke ci a ciki, ko kuma yarinyar da ke musu wanke-wanke ta dawo. Kafinta ya gama cin abincinsa, ya wanke hannu. Ba a sake ɗaga zancen ba.

Haka zaɓi ya yi ta raguwa kamar katako a bakin zarto, har ya rage saura katangar da ke gaban shagonsa.

Shekara da shekaru yana kallonta, bai taɓa shiga ba sai a wannan karon. Maigadi, wani dattijo mai ɗingishi da suka saba gaisawa daga nesa, shi ya raka shi. Tagogi babu murfi. Daɓe ya farfashe ya koma ƙasa. Wani ajin in ka ɗaga kai sai ka ga gajimare na wucewa. Yara kuwa sun cika ko'ina, har kan taga. A wani aji ya ga wani siririn malami yana rubuta lissafi a allon da ya koɗe, littattafai cunkushe a hammatarsa, don babu inda zai ajiye su. Muryarsa ta dushe. Na gaba suna rubutu. Na tsakiya suna leƙen na gaba. Na baya suna harkar gabansu.

"Wancan kullum yana zuwa," in ji Maigadi. "Ko ruwa ake da ƙanƙara. Akwai irinsa, ba su da yawa dai."

"Ana samun karatu kuwa?"

"Ana samu. Wanda ya samu gaba yana samu."

Kafinta ya riƙe wannan magana kamar yadda yake riƙe awo. Gaba. Yarinyar da ba ta kai kafaɗar sa'o'inta ba, mai ƙanƙance ido, in ta faɗa baya ta tafi ke nan. Makaranta mai fanka ta fi ƙarfinsa, titin manyan motoci ya fi ƙarfinsa, amma wurin zama a gaban allo, wannan kam aikin katako ne. Ya dawo shago da ɗan ƙarfi a ƙafarsa.

A can ƙuryar shagon akwai falankan maɗaci da ya daɗe yana ɓoyo, sun bushe sun yi jajir. Gado ya yi wa matarsa alkawari da su tun Auta na goye. Ya sauko da su. Da matar ta kawo masa abinci ta gan su a kan teburin aiki, ta tsaya.

"Malam, gadon nawa ne ya tashi?"

"Tebur zan yi wa Auta."

Ta ajiye kwanon a hankali. "To. Ni dama bayana ya saba da tabarma."

Ya ajiye aikin mutane ya shiga wannan. Tebur da kujera a haɗe, ba ƙusa ko ɗaya. Ya zaunar da Auta ya auna daga ƙasa zuwa gwiwarta, daga gwiwa zuwa gwiwar hannu, ya ɗaga kujerar kaɗan don ta hango allo. Ya yi aljihu mai kwaɗo. Ya goge saman har in ka shafa kamar ka taɓa ruwa. A ransa ya riga ya gama lissafi: yaran nan suna jidar bencinansu gida ne saboda ɓarayi, to ga wanda ɓarawo zai ɗauka ya ajiye ya nemi gafara.

Tela ya leƙo, zare a baki. "Ofis za ka buɗe mata ne? Sai ka haɗa da masinja."

"Ka taɓa ganin gara ta ci maɗaci?"

"Ban taɓa ba." Ya kama gefe ɗaya ya gwada ɗagawa, ya saki yana riƙe ƙugu. "Kai, Kafinta! Ka kuwa tambayi masu 'ya'ya a makarantar?"

"Me zan tambaye su? Yadda ake buga akwati?"

Tela ya koma kan kekensa.

Ranar da aka koma makaranta a baro aka kai shi, mutum biyu suka sauke. Kafinta da kansa ya daidaita shi a sahun farko, daidai tsakiyar allo, ya sa ɗan guntun katako a ƙarƙashin ƙafa ɗaya saboda ramin daɓe. Yara suka kewaye suna shafawa. Auta ta zauna, ƙafafunta sun taɓa ƙasa daidai, ta kasa ɗaga ido don kunya da daɗi. Kwanakin farko takan dawo da labari a baki, Malamin lissafi ya ce kaza, ya tambayi kaza ta amsa. Kafinta yana aiki yana saurare, zartonsa ya fi tafiya.

Sannan damina ta sauka, labarin ya fara gajarcewa. Daga baya ya ƙare. In ya tambaya sai ta ce lafiya lau. Ya lura matarsa ta koma wanke kayan makarantar kullum, tana dirzar bayan siket ɗin da ƙarfi. Ya lura gwiwoyin Auta sun yi furu-furu. Mutum yakan ga abu ya ajiye shi gefe kamar guntun katako, ya ce wata rana zai duba.

Wata safiya Auta ta ce kanta na ciwo. Washegari ma haka. Matar ta same shi yana saka takalmi.

"Malam, yau kafin ka buɗe shago, ka ɗan tsallaka lambatun nan."

"Wani abu aka yi mata?"

"Ba wanda ya yi mata komai. Ka dai je. Ta roƙe ni kada in faɗa, ni kuma ban faɗa ba."

Ya sa Auta ta shirya ta wuce, shi kuma ya bi baya da ɗan jinkiri. Ajin da ya ajiye teburin babu kowa ciki. Ruwa ya kwanta a tsakiya, kwanon rufi ɗaya yana lilo. Guntun katakon da ya sa a ƙarƙashin ƙafa yana nan a ramin, shi kaɗai.

Maigadi ya ɗingiso ya tsaya kusa da shi.

"An sace?" in ji Kafinta.

"Wa zai iya? Ai sai da muka haɗu mu huɗu muka ɗaga shi." Ya gyara tsayuwa a kan ƙafarsa mai lafiya. "Ka ga nan, Kafinta, aji ba ɗaki ba ne, yaran ne ajin. In ruwa ya zo su koma inda ba ya yoyo. In manya za su yi jarrabawa a ba su mai rufi, ƙanana su koma rumfa. In rana ta juyo su bi inuwa. Malami yana cewa a tashi, kowa ya sa nasa a ka ya ruga, wanda ya riga shi ne a gaba. 'Yar taka ranar farko ta tsaya tana jan teburin. Har aka gama darasi tana nan tana ja."

Kafinta ya dubi guntun katakon da ke cikin ramin.

"Da muka ga ruwa zai lalata shi, muka kai shi ɗakin malamai. Abu mai kyau haka."

Yana can kuwa, a jikin bango, inda babu yoyo. Littattafan yara sun yi tsibi a kansa, ga kwalin alli, ga butar shayi. Malamin lissafi yana zaune a kujerar da aka auna da gwiwar Auta, ƙafafunsa sun miƙe waje, yana duba aiki da jan biro. Da Maigadi ya gaya masa ko wane ne, ya miƙe da sauri har littafi ya faɗi.

"Baba, sannu da zuwa. Wallahi na so in zo in same ka. Tun da na fara aiki a nan ban taɓa duba aikin yara a kan tebur ba sai yanzu." Ya fara kwashe littattafan. "Amma naka ne. A ɗauka yanzu ma."

Kafinta ya shafa saman. Gindin kofi ya bar zobe a wuri ɗaya. Ya sa babban yatsa ya murza, bai fita ba.

"A kai shi ina?" ya ce.

Malamin ya tsaya da littattafai a hannu. Ya dubi Maigadi, Maigadi ya dubi ƙasa.

"Yarinyar tana da kai," in ji Malamin a hankali. "Da tana gaba, kafin in gama rubutawa ta gama. Yanzu in na juyo ba na ganinta. Na kira ta gaba sau da yawa, amma masu benci sun riga sun jera, ba inda zan sa ta, kuma kowanne a cikinsu ɗan wani ne."

"Mayar da littattafanka, Malam," in ji Kafinta. "Kada ka riƙa ɗora abu mai zafi dai."

A hanyar fita ya bi ta bayan rumfar da ajinsu yake ranar. Ya daɗe kafin ya gano ta. Tana can ƙarshe, a ƙasa, bayanta jingine da ginshiƙi, littafi a kan gwiwa. Ta miƙa wuya ta ƙanƙance ido, ta karkata dama, ta karkata hagu. Gabanta bayan yara ne kawai da ƙafafun benci. Can sai ta sauke wuyan, ta rufe littafin. Bai bari ta gan shi ba.

Bai buɗe shago ba. Ya wuce ƙarshen layi wajen samarin nan. Suka miƙe suna gaishe shi, don sun san abin da yake faɗa a kansu. Ya ɗauki benci ɗaya daga cikin nasu, ya ɗaga da hannu ɗaya, ya jujjuya, ya ajiye. Ya ce su sayar masa da akwati biyu, da ƙusa.

"Ƙusa, Baba?" in ji ɗaya, ɗan'uwansa ya taka masa ƙafa.

Tela ya gan shi ya dawo da akwatuna a kafaɗa. Ya ga ya farfasa su, yana zaɓen mafi sirara. Ya ji guduma tana bugu a shagon da ba a saba jin ta ba. Ya fito bakin ƙofa, kowa ya san akwai magana a bakinsa, irin wadda ake ajiyewa shekara da shekaru don rana irin wannan. Ya tsaya ya kalla. Sai ya koma ciki, ya dawo da wani tsumma da ya naɗe ya ɗinke kamar gammo, ya ajiye a gefen teburin aikin.

"Saboda kan Auta," ya ce. "Katakon akwati yana da kaifi."

Kafin azahar an gama. Hannun Kafinta ya so ya goge, ya so ya ƙara ɗan katako a tsakani don ƙarfi, ya so ya rufe kawunan ƙusa. Duk abin da ya ɗauko sai ya auna a tafin hannu ya mayar. Gefen da cinyarta za ta taɓa kawai ya goge. A jikin ƙafa ɗaya har rubutun kamfanin da ya yi akwatin yana nan, a juye. A duk rayuwarsa bai taɓa fitar da abu mai muni haka daga shagonsa ba.

Da Auta ta dawo ya ce ta ɗaga. Ta sa gammon, ta ɗora a ka da kanta.

"Ruga zuwa wajen Baba Tela ki dawo."

Ta ruga ta dawo, bencin na rawa a kanta.

"Ya yi nauyi?"

"Bai yi ba, Baba." Ta sauke, tana kallon ƙasa. "Baba, wancan ɗin, na yi ta ja..."

"Na sani. Shiga ki ci abinci."

Da safe ya tsaya a bakin shago. Yara suka kwararo, kowa da nasa a ka, Auta ta shiga cikinsu. Ya bi ta da ido har bakin ƙofar makarantar, daga nan bencina suka haɗu suka zama iri ɗaya, ya kasa gane wanne ne nasa.

Ranar bai yi wani aikin kirki ba. Da aka tashi yana nan a bakin ƙofa.

"Kin samu gaba?"

"Na samu tsakiya. Manyan sun fi ni gudu." Ta sauke bencin tana haki, fuskarta da ɗan haske. "Amma in wadda ke gabana ta sunkuya rubutu, ina ganin rabin allo."

"Rabi," in ji Kafinta.

"Na sama. Na ƙasan sai in tambaya."

Ta shige gida. Ya zauna a kan bencin, ya yi ƙara a ƙarƙashinsa. Ya sunkuya ya tsinto wasu 'yan guntaye daga cikin garin katako, kaurin yatsu biyu, irin waɗanda in an buga su a gindin ƙafafun za su ɗaga ta kaɗan. Za ta ƙara gani. Bencin kuma zai ƙara nauyi, manyan su ƙara tsere mata. Ya ciro fensir daga bayan kunne, bai sami abin da zai zana ba, ya mayar.

Tela ya rufe shago ya yi masa sai da safe. Har lokacin yana zaune, guntayen a tafin hannunsa, yana auna su.